Harajin Rumfar Barira

Miyar kuka tana tsakiyar tafasa, direbobin motocin siminti sun wanke hannu sun jeru a kan benci, sai ga wata farar mota ta tsaya a bakin rumfar Barira. Mutum biyu suka fito, ɗaya rungume da takardu, ɗaya yana kaɗa sabon kwaɗo a yatsa. Barira ta ɗauka masu cin abinci ne, har ta fara share musu wurin zama da gefen zanenta.

"Ke ta Barira, matar marigayi Hayatu?" in ji mai takardun.

"Ni ta. Lahiya dai?"

"Daga buron haraji muke. Shekara uku ba a biya harajin wurin ga ba. Mun aiko takarda har sau biyu, ba mu ga kowa ba."

"Ni ko na biya! Wallahi kowace shekara ina biya."

"To ina rasit?"

Ta tsaya da ludayi a hannu, miya tana ɗiga a ƙasa. Mutumin bai yi mata tsawa ba, ya dai ce aikinsu ne, ta fitar da tukwanen da ke kan wuta kada abinci ya lalace. Direbobi suka taya ta jido su zuwa gindin dogon yaro. Tana kallo aka ja ƙofar ƙarfen da Hayatu ya sa wa rumfar da guminsa, aka datse ta. Buhunan shinkafa, firji, kujeru, duk suna ciki. Aka ce mata idan ba ta je buro ba, kayan za a yi gwanjonsu a cire kuɗin gwamnati.

Duk Malbaza ba wanda bai san cewa da rumfar nan take ciyar da marayu huɗu ba. A ranar, a tsaye direbobi suka ci tuwonsu, kuma ba wanda ya ce miya ta yi gishiri.

* * *

Gaskiyar magana, Barira ba ƙarya ta yi ba. Tun da Hayatu ya rasu, wansa Sallau ne yake karɓar kuɗin harajin a hannunta duk shekara. Sallau mutum ne mai farin tabarau da jakar fata, ba shi da gona, ba shi da shago, amma ba ka raba shi da bakin ma'aikatu. Sana'arsa ke nan, shiga tsakanin talaka da buro. Ya kan ce buro ba wurin zuwan mace ba ne, can Faransanci ake yi, in ka amsa ba daidai ba a rufe ka. Takardun da aka aiko ɗin ma, shi ta kai wa, ya karanta yana gyaɗa kai, ya ce gaisuwar shekara ce kawai.

Rasit kuwa, wace mace ce za ta dubi tsabar idon wan mijinta, wanda ya tsaya a kan gawar ƙanensa, wanda zai ba da auren 'ya'yanta, ta ce masa ina shaidar kuɗina? Ai daidai yake da ta kira shi ɓarawo a tsakar kasuwa. Ko sunansa ba ta iya faɗa, sai dai Yaya.

Da la'asar ta same shi a ƙofar gida a kan tabarma. Ta durƙusa nesa kaɗan, ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta faɗi abin da ya faru.

"Kai, mutanen ga!" Sallau ya cire tabarau yana gogewa. "Kuskure na sunka yi. Sabbin yara anka kawo, ba su san kowa ba. Ki samo kuɗi jika ashirin in ga manyansu, gobe-gobe a buɗe miki."

Yana maganar yana kallon tabarau, yana kallon bango, yana kallon akuyar maƙwabta, ita kaɗai ce bai kalla ba. Barira ta gane.

"To, Yaya. Allah shi ƙara girma."

Ta tashi ta tafi, amma ba gida ta nufa ba. Gidan Tabawa uwar adashe ta shiga, tsohuwar da ke sayar da ƙuli-ƙuli, wadda bakinta ba shi da ƙofa balle kwaɗo. Tabawa ta saurara har ƙarshe, ta tafa hannu.

"Jika ashirin kuma? Ya ci kaza, yanzu shina son hwarashin gashin! Ke Barira, kunyar mara kunya asara ta. Ƙahwarki ta karye ne? Tashi ki tai buron da kanki. In sun rufe ki ni ka kawo miki hura."

* * *

Barira ta sha wucewa ta gaban buron nan a Konni in ta je sayen kayan miya, amma ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi da kyau ba. Ɗan kabu-kabu ya sauke ta a wurin. Ta karanta duk addu'ar da ta sani, ta cire takalmi a bakin ƙofa. Mai gadi ya ce ta mayar da abinta, nan ba masallaci ba ne.

Aka kai ta gaban wata mace mai lulluɓi ruwan ƙasa, ana ce mata Madam Ikilima. Abin da ya fara ba Barira mamaki, matar da Hausa ta gaishe ta, Hausa irin ta gida, har da tambayar ya hanya. Ta duba na'urarta, ta faɗi kuɗin shekara uku, ta faɗi tarar da ta hau kai. Barira ta lissafa a zuci, ta ga ko ta sayar da firji da tukwane da 'yan awakinta biyu ba za su kai ba. Hawayen da ta riƙe tun ranar kwaɗo suka zubo.

"Yi haƙuri, Inna. Kin ce kin biya. Hannun wa kinka ba?"

Barira ta sunkuyar da kai.

"In kin hwaɗi sunanai, ki kai ƙara wurin jandarma, su ka karɓo miki haƙƙinki. Ba ke ta hwarko ba. Irinsu sun cika bakin ƙohwar ga, su ka tsorata mutane da mu, su ci a tsakani."

A zuci Barira ta ga Sallau a bayan motar jandarma, ta ga dangin Hayatu sun juya mata baya, ta ga ranar da za a zo neman auren babbar 'yarta Zahara'u a rasa wanda zai karɓi goro. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

"Madam, ban iyawa. Baban ɗiyana na."

Madam Ikilima ba ta ƙara matsa mata ba. Ta jawo kujera kusa, ta ce akwai hanya. Ba dole ne a biya gaba ɗaya ba, ana iya rabawa kashi-kashi. Ta kawo wani abu yanzu a buɗe mata rumfa, saura kuma duk wata ta kawo gwargwadon abin da aka yi yarjejeniya. Tarar ma za ta rubuta wa na gaba da ita roƙo a sassauta.

"Ana yin haka?" Barira ta tambaya. "Dama can ana yi?"

"Dama can. Sai dai wanda bai shigo ba bai ji."

Da aka zo yanka abin da za ta riƙa kawowa, Barira ta yi ƙarfin hali ta ce da damina gini yana tsayawa, motocin siminti su ragu, wata rana tukunya guda ma ba ta ƙarewa. Madam Ikilima ta yi murmushi, ta ce ai gara da ta faɗa. Aka nauyaya wa watannin rani, aka sauƙaƙa wa na damina. Barira ta dangwala yatsa. Ta yi godiya har matar ta ce ya isa haka, ta bar wa na bayanta wuri.

* * *

Kuɗin farko daga adashe suka fito. Kwasar watan ta Hafsatu mai waina ce, wadda ta daɗe tana jiran ta sayi katifa. Tabawa ba ta ma gama bayani ba Hafsatu ta ce a ba Barira, bayanta ya saba da tabarma, ba zai mutu a wata biyar ba. Barira ta kama hannun Hafsatu ta riƙe kawai.

Ranar da aka cire kwaɗon, buhun shinkafa ɗaya ya yi ƙwari, firji yana wari, amma Barira shara take tana dariya ita kaɗai kamar wadda aka yi wa bushara da Makka. Direbobi suka dawo. Wani dattijo a cikinsu, Malam Ishaku, ya kafa doka cewa duk wanda ya ci bashi a rumfar nan kafin a gama da gwamnati, shi zai sauke masa iskar taya. Da wasa ya faɗa, amma ba wanda ya gwada.

Ba a ce abin ya zo da sauƙi ba. Barira ta samo gwangwanin madara ta huda murfin, kullum kafin ta taɓa cinikin yini sai ta jefa rabon buro. Sallah ta zo, yara suka sa kayan bara. Akuya guda ta tafi a watan da ƙaramin ɗanta ya kwanta zazzaɓi. Akwai watan da kuɗin ba su cika ba, ta tafi Konni tana jin yau kam kwaɗo zai dawo. Madam Ikilima ta karɓi abin da ya samu, ta ce ta ciko a mako mai zuwa, tun da ta zo da ƙafarta ba ta ɓuya ba. A hanyar komawa Barira ta yi ta sa wa matar nan albarka, ita da iyayenta da 'ya'yan da ba ta ma san ko tana da su ba.

Sannu a hankali ta daina cire takalmi a bakin buro. Har mai gadi ya san ta, ya kan tambaye ta ya Malbaza, ya ƙurar siminti. Sallau kuwa bai ƙara tayar da zancen jika ashirin ba, ita ma ba ta tayar ba. Suna haɗuwa a suna da biki, ta durƙusa ta gaishe shi, ya amsa da fara'a.

* * *

Bayan kaka ta kai biyan ƙarshe. Madam Ikilima ta buga hatimi, ta ce, "Shi ke nan, Inna, kin hita. Na bana kuma in lokaci ya yi, hannunki da hannuna." Barira ta ajiye mata ƙullin ƙuli-ƙulin Tabawa a kan tebur, matar ta tura mata abinta tana dariya, ta ce ta kai wa yara. Barira ta fito tana jin jikinta sakayau, rumfa ta zama tata, ba mai zuwa da kwaɗo.

Da ta iso Malbaza rana ta take, benci cike da direbobi, Zahara'u tana zuba abinci. A tsakiyarsu ga Sallau zaune ya ɗora jakar fatarsa a cinya, labari ya riga ya kai masa.

"Ga ta nan!" ya ce. "Ku tambaye ta. Da ba don na shiga na hita ba, na ga manya, wa za shi yarda a raba mata biya? Ai da tuni an yi gwanjon wurin ga."

Malam Ishaku ya ajiye cokali ya dubi Barira. Ita ma ta dube shi, ta dubi Zahara'u da ke tsaye da kwano a hannu, budurwa har ta fara tsayi irin na ubanta. Sai ta durƙusa.

"Mun gode, Yaya. Allah shi bar zumunci."

"Ba komai, ba komai. In ban yi muku ba, wa ni ka yi ma?"

A ƙarshen benci akwai wata yarinyar mace da goyo, Bara'atu, wadda mijinta makanike ya rasu da azumi ya bar mata ɗan shagon kayan gyara. Kwanan nan ta fita takaba. Ta ji duk abin da aka ce. Ta matso a ɗarare ta durƙusa gaban Sallau, ta ce ita ma an aiko mata takarda daga buro, ba ta san kanta ba, kuma marigayi ya kan ce masa Baba.

"Kawo in gani, ɗiyata. Buro ba wurin zuwan mace ba na."

Barira ta buɗe baki. Maganar tana nan a kan harshenta, gajeriya ce, ba ta fi a ce zo mu tafi tare ba. Sallau ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau, karo na farko da ya dube ta ido cikin ido tun ranar kwaɗo.

Bara'atu ta miƙa masa takardar, ta kwance bakin zanenta, ta fara warware 'yan kuɗin da ta ƙulle. Barira ta juya ga tukunya, ta zuba tuwo a kwano mai murfi, ta laluba cikin miya ta tsamo tsoka mafi girma, ta kai gaban wan mijinta ta ajiye da hannu biyu.