Ban Haƙurin Rogo

Jan kati na uku ne ya dawo da Suhaibu gida Tudun Kaya ta ƙasar Karaye a tsakiyar kakar wasa, daidai lokacin cirar gyaɗa. Na farko ya samu ne don ya take ƙafar wani, na biyu don ya tunkuyi mai tsaron gida da ka. Na ukun shi ne babba. An bugo kwana, suka yi tsalle, ya kai wa ɗan wasan gaba na abokan karawarsu gwiwar hannu a fuska, muƙamuƙi ya karye. Kulob ɗinsa ya ce ya tafi gida ya jira ranar da kwamitin ladabtarwa na gasar zai zauna a Kano.

Yana isa gida sakataren kulob, Abdulmutalib, ya kira shi.

"Ka buɗe kunnenka. Kyamara ɗaya ce a filin, kuma daga nesa ta ɗauka. An ga ka yi tsalle, an ga hannu ya tashi, shi ke nan. Idan kuskure ne, wasa huɗu ko biyar za su hana ka. Idan suka tabbatar da gangan ne, ga tsofaffin katunanka biyu, ka wuce shekara. Shugaban kulob kuma ya ce ba zai ciyar da ɗan wasan da ba ya wasa ba."

"Na gane, Oga."

"Kuskure ne. Ko matarka ta tambaye ka, kuskure ne. Kuma kada ka je kusa da yaron nan."

A takarda shekarun Suhaibu ashirin da huɗu. Uwarsa ta san sun kusa talatin. Ɗan baya mai irin wannan shekaru in ya zauna shekara guda, babu kulob ɗin da zai sake tambayar ina yake.

Da baƙo ya karya, da da sauƙi. Amma wanda ya karya Yusha'u ne, ɗan Malam Hammawa, Bafulatani makiyayi na Rogo. Tun suna yara suke karawa a filayen makarantu, Karaye da Rogo, kafin kowa ya sami kulob. Iyayensu kuwa sun riga su sanin juna. Duk rani shanun Hammawa a gonar Malam Sulle, mahaifin Suhaibu, suke kwana, su ci harawa su bar taki.

Malam Sulle ya ajiye maganar har sai da suka haɗu a gona, ana tsigar gyaɗa a gindin ɗorawa.

"Gobe za mu Rogo."

"Baba, an ce kada in je."

"Wa ya ce?"

"Sakatarenmu. Maganar tana gaban kwamiti."

"Shi sakataren naku ya san Hammawa?" Tsohon bai ɗago kai ba. "Ka fasa wa ɗan mutum baki, kana nan Karaye, yana can Rogo, ka ce kana jiran kwamiti? Ni da wane ido zan kalle shi in rani ya yi?"

Suhaibu ya lallashi kansa da cewa gaisuwa ce kawai, sannu da Allah ya ƙara sauƙi.

Da hantsi suka hau babur, shi yana tuƙi, Malam Sulle a baya riƙe da ƙunshin goro. Ƙanin Malam Sulle da limamin unguwarsu suka biyo su a wani babur ɗin. Ganin liman ne ya sa Suhaibu ya gane ban haƙuri za a je, domin ba a ɗauko liman don gaisuwar mara lafiya kawai.

A zauren Malam Hammawa an shimfiɗa tabarmi, ƙannensa biyu suna zaune. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka tambayi iyali da amfanin gona da lafiyar dabbobi. Hammawa dogo ne siriri, ba ya ɗaga murya.

"Kaɗo, ka tsufa," ya ce wa Malam Sulle.

"Ai gara ni, ina cin tuwo. Kai da nono ya ƙi."

Aka ɗan yi dariya, ta mutu da wuri, domin an shigo da Yusha'u. Ya rame. An ɗaure masa haƙora da waya a asibiti, ba ya iya buɗe baki, kunu ma da bututu yake sha. Ya zauna ya jingina da bango, ya sa wa Suhaibu ido.

Liman ya yi bayani, Malam Sulle ya tura goro gaba, ya ce sun kawo yaro, laifi nasu ne, suna neman afuwa. Hammawa bai taɓa goron ba.

"Malam Sulle, ka san yadda muke yi. Idan saniyata ta shiga gonarka, kafin a yi maganar yafiya sai an san ɓallewa ta yi ko kora ta aka yi. In ɓallewa ce, sannu ta isa, ba sai an wahalar da dattawa ba. In kora ta aka yi, sai mai korar ya faɗa da bakinsa. Ni ba na yafe abin da ban san ko mene ne ba." Ya juya. "Suhaibu, hannun nan, ɓallewa ya yi?"

Amsar tana bakinsa, ya kwana yana maimaita ta. Amma Yusha'u yana kallonsa, kuma Yusha'u ya sani. A wasan nan sau biyu Yusha'u ya zura masa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu, 'yan kallo suna ihu. Kafin a bugo kwanar Suhaibu ya waiwaya ya auna inda fuskarsa take, idanunsu suka haɗu. Kyamara ba ta ɗauki wannan ba. Ga liman, ga ubansa. Ya kuma yi tunanin maganar zaure a zaure take tsayawa.

"Da gangan ne, Baffa. Zuciya ce ta ɗebe ni."

Malam Sulle ya sunkuyar da kai. Hammawa ya dubi ɗansa. Yusha'u ya gyaɗa kai sau ɗaya. Tsohon ya jawo goron, ya kwance, ya miƙa wa ƙaninsa ya raba.

"Mun yafe, duniya da lahira."

Liman ya yi addu'a, aka shafa. Aka kawo fura.

Suna cikin sha Hammawa ya ce, "Wannan zaman na Kano, yaushe ne?"

"Alhamis," in ji Malam Sulle.

"To, tare za mu. Ba zan bari a hukunta ɗanka a kan abin da na riga na yafe ba. Zan gaya musu da bakina, yaro ya zo har zaurena, bai yi mini ƙarya ba, ya ce da gangan ya yi, na yafe. Mai haƙƙi in ya yafe, magana ta ƙare."

"Allah ya saka da alheri," in ji liman. "Wannan shi ne zumunci."

Suhaibu ya ajiye ludayi. Ya dubi Yusha'u, domin a zauren nan su biyu ne kaɗai suka san yadda kwamiti ke aiki. Wayar salular Yusha'u tana hannunsa, da ita yake rubuta wa mutanen gida abin da yake so. Maimakon ya rubuta wa ubansa kada ya je, sai Yusha'u ya juya ta, ya kife ta a kan cinyarsa.

A hanyar komawa Suhaibu ya rage gudu.

"Baba, kada Baffa ya je."

"Don me?"

"Su can ba ruwansu da yafiya. In suka ji kalmar gangan, na gama."

"Kai dai ba ka san manya ba. Duk alƙalin da ya ga uban wanda aka cuta ya zo da kansa yana roƙo, sai jikinsa ya yi sanyi."

"To ya ce ya yafe kawai, kada ya faɗi sauran."

"In je in ce wa Hammawa ya rage magana? Mutumin da zai bar shanunsa ya shiga mota saboda kai? Kalli hanya."

Daga ranar nan zuwa Alhamis abinci bai yi wa Suhaibu daɗi ba. Ya sha ɗauko waya don ya gaya wa Abdulmutalib, sai ya tuna abu biyu aka hana shi, duka biyun kuma ya yi. Ya yi fatan a yi ruwa, ko saniya ta haihu, ko tsohon ya manta. Ranar Alhamis da suka isa tashar Karaye suka tarar da Malam Hammawa ya riga su, da farar riga da sanda.

Kwamitin yana zama ne a wani ofis kusa da filin wasa. Abdulmutalib yana bakin ƙofa yana jira. Suhaibu ya yi niyyar ajiye tsofaffin a benci, amma sakataren ya riga ya tambayi su wane ne.

"Uban Yusha'u? Ya zo ya ce ya yafe?" Fuskarsa ta washe. "Kai, ashe kana da wayo. Wannan zai taimaka ƙwarai."

"Oga, akwai abin da ban gaya maka ba."

"Bari sai mun fito, an kira mu. Baba, bismillah, ku shigo."

Mutum uku ne a bayan tebur. Abdulmutalib ya fara, ya ce kulob yana kan bakansa, karo ne irin na wasa, babu niyya. Ya ƙara da cewa mahaifin wanda ya ji ciwo ma yana nan. Shugaban kwamitin, wani mai furfura da tabarau, ya sa aka ba Hammawa kujera, ya ce dattijo ya yi magana.

Hammawa ya yi sallama, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Ya faɗi yadda yake da Malam Sulle. Ya ce yaron nan ɗan mutunci ne, da ya so ya yi ƙarya da ya yi, amma a gaban liman da dattawa ya ce da gangan ya kai hannun, zuciya ce ta ɗebe shi. Don haka shi ya yafe, yana roƙon su ma su bar maganar.

Na hannun dama ya fara rubutu. Abdulmutalib ya miƙe ya ce tsohon bai fahimci harkar ba, shugaban ya ɗaga masa hannu ya zauna.

"Suhaibu, kulob ɗinka ya ce kuskure ne. Wannan dattijo ya ce ka gaya masa da gangan ne. Wanne za mu ɗauka?"

Malam Sulle yana bayansa, har Suhaibu yana jin numfashinsa. In ya ce kuskure, ya ƙaryata Hammawa a gaban baƙi.

"Yadda Baffa ya faɗa, haka ne."

Ba su daɗe suna shawara ba. Shugaban ya gode wa dattijon, ya ce yafiyarsa abu ne mai kyau tsakanin gidajen biyu, amma gasar tana da sauran 'yan wasa da za ta kare, kuma wannan ne karo na uku. An dakatar da Suhaibu shekara ɗaya da rabi daga duk wani wasa.

A waje Abdulmutalib bai yi faɗa ba. Ya ce ɗakin da Suhaibu ke kwana a masaukin 'yan wasa za a ba wani, ya je ya kwashe kayansa yau, ya bar makulli wurin mai gadi. Ya shiga motarsa.

Hammawa ya tsaya yana juya sandarsa.

"Malam Sulle, anya sun ji ni kuwa? Ko in koma in sake yi musu bayani?"

"Sun ji, Baffa," in ji Suhaibu. "Mun gode."

Ya kai su tasha, ya samar musu wuri a motar Karaye, ya ce zai biyo su da yamma. Malam Sulle ya gyara hularsa ya shiga. Suhaibu ya tare adaidaita zuwa masaukin. Da suka isa ya ce wa direban ya jira shi, kayan ba su da yawa.