Zanen Da Boon Huat Bai Gani Ba

Quek Geok Eng ta yi shekara arba'in da ɗoriya tana zane a falonsu da ke hawa na tara a Toa Payoh, kuma duk tsawon lokacin nan ra'ayin mutum ɗaya ne ya dame ta. Mutumin shi ne mijinta, Seah Boon Huat, mai sayar da taliya da kifi a kasuwar unguwa, wanda bai san komai game da zane ba.

Suna da ƙa'ida a tsakaninsu. Tun suna sabon aure ya taɓa leƙa wani zane da ba ta gama ba, ya ce dankalin ya yi kyau. Mangwaro ne. Ta yi kwanaki ba ta ce masa uffan ba, abinci ma sai dai ya ji an dangwarar da kwano a tebur. Daga nan ya shiga taitayinsa: ba ya kallon zane sai ta buga jan hatiminta a gefe. In zai ratsa falon sai ya kau da kai, kamar wanda ya tarar da maƙwabciya tana sauya kaya. Ranar da ta buga hatimi kuwa sai ta kira shi, ya goge hannu a singileti, ya tsaya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Ba laifi. Mu ci abinci." Abin da ya faɗa wa zanen abarba ke nan, shi ya faɗa wa kwale-kwalen bakin kogi, shi kuma ya faɗa wa zanen uwar da ta haife shi. Geok Eng takan ja tsaki. Amma a ranta zane bai kammalu ba sai ta ji wannan magana.

Da gwiwoyinsa suka gaji ya bar kasuwa, sai ta ga ga mutum zaune ba aiki, ta ɗora shi a kujera kusa da taga, ta ba shi lemo ya riƙa ɓarewa, ta fara zana shi. Ya yi watanni yana zama, yana fuskantarta, bayan ƙyallen zanen kawai yake gani. Lemon kuma cinyewa yake yi, kullum sai an sayo wani. Saura hannun hagu a gama, wata safiya ya sauka shan kofi da abokansa, ya faɗi a kan tebur, shi ke nan, rai ya yi halinsa. Ta ƙarasa hannun da ka, don ta san shi. Hatimi ne ba ta buga ba.

Ana nan sai ga wata matashiya, Shanthini, daga wani babban gidan nunin zane-zane a cikin gari. Ta ga zanen abarbar Geok Eng rataye a ɗakin jiran wani likitan haƙori, ta bi sawu har hawa na tara. Ta duba duk ƙyallayen da ke jingine a bayan kabad, tana ta jinjina kai, amma da ta zo kan mai ɓare lemo sai ta tsaya cak.

"Anti, wannan shi zai tsaya a bakin ƙofa," in ji ta. "Da shi zan shawo kan manyana. In babu shi, gaskiya ban san ko za su yarda a yi nunin ba."

"Ba a gama shi ba."

"Me ya rage?"

"Ba a gama ba dai."

Shanthini ta ce za ta dawo da masu ɗauka bayan mako biyu, Anti ta ƙarasa a hankali. Kada a ɓoye, Geok Eng tana son nunin nan ƙwarai. Ta haura saba'in, kuma tun tana budurwa take shiga irin waɗannan gidaje tana kallon bango, tana auna inda nata zai dace.

Sai watan bakwai ya kama, watan da a al'adarsu matattu ke zuwa ganin gida. Duro-duron ƙarfe da ke gindin kowane bene suka fara hayaƙi, mutane suna ƙona wa nasu kuɗin takarda da tufafin takarda, don abin da aka ƙona shi ke isa can. Ƙanwar mijin, Mui Keng, ta iso da jakunkuna niƙi-niƙi: riguna, waya, da mota ja ta takarda har da direba a ciki.

"Bai iya mota ba," in ji Geok Eng.

"Shi ya sa na sayo mai direba, matar Yaya. Ke me za ki aika masa?"

Geok Eng ta nuna zanen da haɓa.

Mui Keng ta ajiye motar a hankali. "Wanda 'yar nan za ta rataya a ƙofa? Kin sha wani abu ne?"

"Bai gani ba."

"To ai wata ne na zuwa gida. In ya shigo ya kalla da kansa."

"Ba zai kalla ba, kau da kai zai yi. Ko na buga hatimi, ta ina zan kira shi? In an kai masa har hannu ne zai san an gama."

"Ki ɗauki hotonsa a waya, a wanke, mu ƙona hoton. Kowa ya huta."

"In na ƙona hoto, hoto zai samu. Mutumin da ya zauna min wata da watanni, in aika masa abu kamar katin asibiti?"

Mui Keng ta yi tunani, ta ɓullo ta wata hanya. "Tsaya ma. Motar takarda in ta isa can mota take zama. Direban takarda ya zama direba. To zanen Yaya fa? Sai ya zama wani Yayan. Su biyu su zauna suna cin lemo, ba mai wanke kwano."

"Ya samu abokin hira. Dama ba ya jin maganar kowa sai tasa."

"Matar Yaya, da gaske nake. Duk rayuwarki kina shaƙar fenti, sai yanzu aka san da ke. Shi kuwa me zai ce? Ni da ke mun san abin da zai ce."

"Na sani," in ji Geok Eng. "Riƙe min nan in cire ƙusoshin."

Suka raba ƙyallen da katakonsa. Ta rubuta sunansa da garin kakanninsa a baya, don kada wani mataccen da ba shi da kowa ya yi awon gaba da shi a hanya. Sannan ta ɗauko hatimin, ta danna a jan tawada, ta buga a gefen ƙasa, kusa da ɓawon lemo. Ta daɗe ba ta ɗaga shi ba.

Da yamma suka sauka. Mota ta fara tafiya, sai waya, sai riguna. Zanen bai kama da wuri ba, kuma da ya kama sai ya yi baƙin hayaƙi mai wari, har wani tsoho da ke ƙona nasa a duro na gaba ya tambaya ko taya suke aikawa. Geok Eng ta tsaya hannuwa a baya, yadda take tsayawa in yana kallo, ta ba shi lokaci, don ba ya gaggawa. Wuta ta mutu, toka ta kwanta. Ta saurara. Ba abin da ta ji sai motocin titi da wata mata da ke kiran jikanta daga bene. A nan ne kewarsa ta kama ta fiye da ranar jana'iza, har Mui Keng ta riƙe mata gwiwar hannu zuwa bakin lif.

Ranar da aka sa, Shanthini ta zo da maza biyu da bargunan naɗe zane. Ta dubi katakon da ke jingine ba ƙyalle, ta dubi tsohuwar.

"Anti, ina yake?"

"Na gama shi. Mai shi yana dubawa."

"Wane ne? Yaushe zai dawo da shi? Ko ya faɗi wani abu a kai?"

Geok Eng ta dubi kujerar da ke kusa da taga.

"Tukuna," in ji ta. "Ina jira."