Babu Ko Ɗigo

Yaya ta shinshina turaren da mai shago ya fesa mata a bayan hannu, ta lumshe ido, sannan ta juya kwalbar tana neman ƙananan rubutun da ke gindinta.

"A'a," ta ce. "Wannan akwai abin a ciki."

"Wane abu, ranki ya daɗe?"

"Abin dai."

Mai shagon ya yi murmushi irin na mutumin da ke biyan haya mai tsada. Tun shigowarsu ya gama auna su: zoben Yaya, takalminta, da matar da ke tsaye a bayanta riƙe da jakar da ba tata ba. Wannan matar ita ce Haƙuri. Ba sunanta ba ne na yanka, dangin mijinta ne suka laƙaba mata shi har ya bi ta. Yaya kuwa yayar mijin ce, Injiniya, kuma saboda shi suka shigo wannan shago mai sanyi, inda ko sabulu sai an kwantar da shi a kan ƙyalle kamar jariri.

"Ƙanena ne," in ji Yaya, tana rage murya duk da babu kowa sai su. "Ya yi fama da zazzaɓi. Shekara ta zagayo da warkewarsa, shi ne za mu yi masa 'yar liyafa. Kyauta nake so ta gani ta faɗa."

"Allah sarki. Zazzaɓi?" Mai shago ya miƙa hannu ya sauko da kwalbar zuma. "Ga wannan, tana gyara jiki. Ko bargo mai laushi, saboda masu zazzaɓi ba sa son sanyi."

"Ba irin wannan zazzaɓin ba."

"To wane iri?"

A gidan su Injiniya ba a taɓa furta kalmar ba. Gida ne na masu karatu, akwai likitan haƙori a ciki, akwai alƙali, kowa ya iya kiran cuta da dogon sunanta na asibiti. Wannan ɗaya ce kawai suka mayar zazzaɓi. In an tsinto shi a bakin kwata, zazzaɓi ne ya kayar da shi. In ya daki ƙofar gida da mota, zazzaɓin ne ya tashi. Yaransa sun taso suna zaton zazzaɓi wari yake yi.

Mai shago yana jira da zuma a hannu.

"Giya yake sha," Haƙuri ta ce. "Ya daina."

Kalmar ta fito mata sumul, har ta ji daɗinta a baki. Yaya ta juyo ta zuba mata harara kamar ta yi tusa a gaban baƙi.

"Haba! Ai da kun faɗa tun farko," in ji mai shago, fuskarsa ta washe. "Irinku da yawa suke zuwa."

"Irinmu?" in ji Yaya.

Bai ji ba, ko ya yi kamar bai ji ba. Ya ja su zuwa wata kanta a can ciki, ya shiga sauko da kaya yana jerawa a kan gilashi. Haƙuri ta bi su a baya, jakar tana yankar mata gwiwar hannu.

A shekarun zazzaɓin, ita ce gidan. Ita ke ciccibo shi daga mota, ƙato da shi, ta cire masa takalmi. Ita ke kiran ofis da safe da muryar da ta ƙware a kai, ta ce jikin ne ya motsa. Ita ta zaɓa wa yara makaranta, ita ta sa aka canza rufin ɗaki, ba ta shawarci kowa ba don babu wanda za a shawarta. Dangi kan zo su zauna a falonta suna girgiza kai, su ajiye mata atamfa ko sarƙa, su ce, "Ke kam kin gama samun Aljanna." Ta sha wuya, wannan ba ƙarya ba ne. Amma wuyar da ake zuwa kallo tana da nata zaƙin, ko da yake ba a faɗar haka a gaban mutane.

Sai ya warke. Ya tashi da asuba da idanu garau, ya ga ƙura a kan fanka, ya ga famfon kicin yana ɗiga, ya ga ita ma ta tsufa. Yaran da ke ɓuya a bayan ƙofa in sun ji motarsa suka koma faɗa a kan wa zai zauna kusa da Baba. Dangi suka ci gaba da zuwa, amma yanzu wuce ta suke yi a bakin ƙofa, su ce, "Yana ciki?" Mutum ya yi shekaru yana rushe gida, ranar da ya ajiye gudumar sai a shirya masa liyafa. Wadda ta tallafe bangon da bayanta kuwa, a ba ta jaka ta riƙe.

Duk wannan da ta shanye. Amma yana zuwa wani taro na waɗanda suka daina, yana dawowa da sababbin kalmomi. Wata rana da la'asar, yana ɓare lemo, ya ce mata cikin taushin murya, "Kin san a taronmu an ce ke ma kina da hannu a ciwona? Da ba ki yi ta rufa min asiri ba, da na daɗe da farkawa." Ya miƙa mata ɓarin lemon. Ta karɓa ta ci, don ba ta san abin da za ta yi da hannunta ba.

"Ga turare na mai zalla, babu ko ƙwayar abin," mai shago yake cewa. Har ya koyi yaren gidan. "Ga ganyen shayi a gwangwanin azurfa. Ga alewa da ba a jiƙa da komai ba. Amma sarauniyar ita ce wannan."

Ya ɗauko ta da hannu biyu. Koriyar kwalba ce mai kauri, an naɗe wuyanta da takardar zinariya, an ɗaure toshiyar da siririyar waya.

"Yadda ake yin waccan haka aka yi ta, inabi ɗaya, ganga ɗaya. Sai a ƙarshe aka zare abin. Ƙamshi nata, kumfa nata, ɗan ɗacin nan ma nata. Duba rubutun, babu ko ɗigo."

"Mayar da ita," Yaya ta ce, har da ja da baya. "Likitansa ya tara mu ya ja mana kunne a kan irin waɗannan. Ya ce ba abin da ke ciki ne kaɗai ba. Ƙarar buɗewar, ƙamshin, har siffar kofin. Ya ce harshe bai iya karatu ba, bai san me aka rubuta a kwalba ba. Da yawa daga nan suke komawa. Ke ma ai kina wurin."

"Ina wurin," in ji Haƙuri.

Yaya ta zaɓi agogon hannu mai nauyi da gwangwanin shayin. Ana cikin naɗewa wayarta ta yi ƙara, ta fizgi jakarta daga hannun Haƙuri ta fita waje tana yi wa mai kawo kujeru masifa.

Haƙuri ta dubi hannunta da ya zama fanko.

"Naɗe min waccan," ta ce. "Da kofuna biyu masu dogon wuya."

Mai shagon ya ji duk abin da Yaya ta faɗa. Ya dube ta, ya dubi ƙofa.

"Takarda ja ko fara?" ya ce.

A hanya ta gaya wa kanta cewa a bayan mota za ta bar ta. Da suka iso gida ta sa ta a firij, bayan kayan lambu, don kawai kada zafi ya lalata ta.

Bayan azahar falo ya cika. An ja kujeru jikin bango, an ajiye babbar a tsakiya saboda Darakta, sabon shugaban ofishin Injiniya, wanda ake sa ran zai ba shi aikin wata babbar gada. Darakta bai daɗe da kama aiki a ofishin ba, abin da ya sani kawai shi ne Injiniya ya yi doguwar jinya. Tun da safe Yaya ta bi kowa ɗaki-ɗaki, har yara: wanda ya kuskura bakinsa ya zame a gaban mutumin nan, ita da shi ne.

Aka ci aka sha. Injiniya ya ɗaura sabon agogo, ya ɗaga hannu kowa ya gani, alƙali ya ce yanzu dai ba shi da hujjar makara. Sannan ya miƙe zai yi godiya. Ya yi kyau, Haƙuri ta lura. Kumatunsa sun ciko, farar rigarsa ko ɗigon miya babu. Ya gode wa Allah, ya gode wa likita, ya gode wa Yaya har ta share hawaye da bakin mayafi. Ya ce rashin lafiya makaranta ce, kuma babban darasin da ya koya shi ne yafiya.

"Na fara da yafe wa kaina," ya ce. "Sannan na yafe wa kowa." Ya juyo inda take tsaye da tire a hannu, idonsa cike da alheri. "Maman yara ma na yafe mata. Ta yi abin da ta iya ne, da sanin da take da shi."

"Allah sarki," in ji falon gaba ɗaya. Darakta ya fara tafi, sauran suka bi. Babu wanda ya tambayi me ta yi.

Ta ajiye tiren a hankali. Ta shiga kicin, ta buɗe firij, ta ture kayan lambu.

"Ni ma ina da tawa kyautar," ta ce da ta dawo.

Kwalbar tana gumi a hannunta. Ta ajiye kofunan biyu a kan tebur, ɗaya gaban Darakta, ɗaya gaban mijinta.

"Kai, madalla!" in ji Darakta. "Irin wannan ake ba mu a manyan taruka. Ruwan inabi ne kawai, amma sai ka rantse."

"Babu ko ɗigo," Haƙuri ta ce, ta juya rubutun wajen jama'a. "Yaya ma ta gani a shagon."

Yaya ta miƙe tsaye. Ta dubi ƙanenta, ta dubi Darakta, ta dubi likitan haƙori, shi kuma ya sami abin kallo a tafin hannunsa.

"Ba ya shan abu mai sanyi," ta ce da ƙyar. "Saboda zazzaɓin."

"Haba, babbar yaya!" Darakta ya yi dariya. "Mutumin da zan ɗora wa gada, ruwan sanyi ne zai kayar da shi? In haka ne a gaya min tun yanzu, in nemi wani."

Aka yi dariya, irin wadda ake yi wa shugaba. Kalma ɗaya ce za ta tsayar da komai, kowa a falon ya san ta, kuma babu bakin da ya saba da ita. Yaya ta koma ta zauna.

"Buɗe mana, baban yara," in ji Haƙuri. "Ni ban iya ba."

Hannunsa ya iya. Kafin ya yi tunani, yatsunsa sun ɓare takardar, sun warware wayar, babban yatsa ya sami wurinsa a gindin toshiyar. Ta yi ƙara ta tashi, yara suka yi ihu. Ya karkata kofin ya zuba yadda kumfa ba zai zube ba, Darakta ya ce lallai injiniya injiniya ne.

Ya ɗaga nasa. Ƙamshin ya riga isa. Haƙuri ta ga hancinsa ya buɗe, ta ga maƙogwaronsa ya motsa tun bai kai kofin baki ba. Ya dube ta ta saman gilashin, kuma a wannan kallon babu yafiya ko kaɗan. Ta fi son sa haka.

Ya kurɓa. Ya sake kurɓa. Ya shanye.

"Ya ka ji ta?" in ji Darakta.

"Kamar ita," ya ce, sannan ya gyara. "Da daɗi, ranka ya daɗe."

Kafin rana ta faɗi baƙi sun watse. Yaya ta fita ba ta yi wa Haƙuri sallama ba, a bakin mota ta riƙe hannun ƙanenta ta daɗe tana yi masa magana, shi kuma yana gyaɗa kai yana kallon titi. Da ya dawo ya ce shi zai wanke kofunan. Haƙuri tana share falo tana jin famfo yana zuba, yana zuba, kofi biyu kacal. Ya fito ya zauna, ya kunna talabijin, ya kashe. Ya haɗa shayin azurfa, ya bar shi ya huce. Ya je taga ya dawo.

"Zan ɗan fita," ya ce. "In sha iska."

"To."

Ya ɗauki makullin mota. Ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa a kan mariƙi, bai murɗa ba. Ƙato da shi, furfura a gemu, yana tsaye kamar yaron da ke jiran a ce masa dawo nan.

"Ko dai in bari sai gobe?" ya ce.

Ta jingine tsintsiyar.

"Kai da ka warke?" ta ce. "Ni wace ce da zan tsare ka?"

Ta saurari motar har ta sha kwana. Sannan ta kira yara ta ce yau da wuri za a kwanta, kuma a ɗakin baya. Ta shiga banɗaki, ta hau kujera, ta sauko da tsohon bokitin roban da yake amai a ciki daga saman kabad, ta ɗauraye ƙurar da ta taru a cikinsa. Ta zuba ɗan ruwa a gindinsa don ya yi sauƙin wankewa da safe, ta kai shi ta ajiye a gefen gado, ɓangaren da yake kwana.