Sunan da Zulfa Ba Ta Faɗa

"Sauko daga nan, ɗan banza!" Hajiya Bilki ta daka wa jikanta tsawa, ta kai masa duka da carbi. Yaron ya goce, ya diro daga kan ma'auni, ya bi ta ƙarƙashin benci, ya ɓullo da takalmin wata mata a hannu. Duk masu jiran likitan yara suka juyo suna yi wa Zulfa kallon "ke ce uwar wannan?"

Zulfa ta sunkuyar da kai. Ɗanta ne na fari, kuma sunan mahaifin mijinta ya ci, marigayi Idirisu. Shekara takwas bakinta bai taɓa furta sunan ba. A gidansu na Fulani mace ba ta kiran ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa, balle a gaban uwar miji. "Kai" take ce masa, shi kuma ya ce mata Adda, kamar wata yayarsa.

Makarantarsu da ke Takur ta ce kada ya koma sai da takardar likita. Hajiya kuwa ta riga ta yanke hukunci: ranar Juma'a Baffa Bubayero zai zo ya tafi da shi ruga, can bayan Garki, sanda ta gyara shi. Zulfa ta san sandar Bubayero, don ta ga bayan 'ya'yansa. Mijinta, da ke aiki a Kafin Hausa, ya ce abin da Dada, wato Hajiya, ta faɗa shi ke nan, sai fa in likita ya ce lalura ce. Dalilin da ya sa tsohuwar ta biyo su asibiti ke nan, ba don tausayi ba.

Likita Ashafa mutum ne mai ƙarancin fara'a, ga shi tun safe bai tashi daga kujera ba. Ya sa yaron ya bi layin siminti, diddige na taɓa yatsa. Taku uku ya yi ya karkace. Ya sa shi ya riƙa taɓa yatsun hannun dama da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, sai ga na hagu suna motsi su ma, ba wanda ya aike su.

"In na buga tebur sau ɗaya, ka tafa. In na buga biyu, kada ka motsa. Ka gane?"

Ya gane sarai, har ya maimaita. Amma likita bai gama bugun farko ba ya tafa, ya kuma tafa, sannan ya dubi hannuwansa da haushi.

"Ka gani ko?" Hajiya ta ce. "Taurin kai ne tsagwaronsa."

"Ba lallai ba. Akwai yaran da birkin ƙwaƙwalwarsu ke makara, jiki ya riga tunani. Amma wannan kaɗai bai isa in rubuta komai ba, sai na ji tarihinsa." Ya juya wajen Zulfa. "Malama, tun yaushe yake haka? Yana barci? Yana ƙarasa abin da ya fara?"

Zulfa ta kafa wa yatsun ƙafarta ido. Amsoshin duk suna bakinta, amma ga Dada zaune, gwiwa na gogar gwiwa.

"Ni zan gaya maka," Hajiya ta karɓe. "Lafiyarsa ƙalau. Barci kamar gawa. Sangarta ce ta 'yan birni, uwar ba ta iya tarbiyya ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

"Hajiya, ke kike kwana da shi?"

"Ni na haifi ubansa."

Likita ya yi tsaki, ya koma kan Zulfa. "Malama, ke kurma ce? Mutum arba'in ke jirana. In ba ki da magana zan rubuta ban ga komai ba, ku ba ni wuri." Ya zare murfin biro.

Zuciyar Zulfa ta tafasa. Ta ji haushin likitan da bai san kunya ba, ta ji haushin tsohuwar da ta san ta sarai take kuma amfani da ita. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma an ɗaure wa mai ɗakin baki. Tana cikin haka ta hango yaron ya taka kujera yana miƙa hannu ga fanka, fankar kuwa na gudu.

"Idirisu!"

Daga bakin Zulfa kiran ya fito. Yaron ya tsaya, hannu a sama. Carbin Hajiya ya faɗi ƙasa.

Tunda tura ta kai bango, Zulfa ba ta tsaya ba. Ta ce tun yana rarrafe yake haka. Ta ce ba ya gama tuwo a zaune, ya ɓatar da takalmi ƙafa shida bana, sau biyu babur na taka masa birki a titi. Ta ce in an doke shi yakan zo ya ce, "Adda, wallahi na so in tsaya." Ta ce yana da ƙwaƙwalwa, yana da tausayi, ba ɗan banza ba ne. Likita dai rubutu yake, ya daina tsaki.

Da suka fito da takardar da ta ce lalura ce, da ranar dawowa, Hajiya ta riga su bakin titi, har ta tare keke napep.

"Tunda bakinki ya iya kiran sunan mijina a gaban ƙato, sai ki riƙe ɗanki. Ruga dai ba za shi ba. Amma daga yau kada ki ƙara shigo mini ɗaki gaisuwa." Ta dubi mai keke. "Ja mu tafi, ni kaɗai ce."

Zulfa ta tsaya a rana. Ta san maganar za ta riga ta isa gida, har Kafin Hausa. Yaron ya ja gefen hijabinta.

"Adda, ashe kin san sunana?"

Ta buɗe baki za ta ba shi amsa, amma tuni hankalinsa ya koma kan wata akuya da ke tsallaka titi. Ta damƙe wuyan hannunsa da kyau, ta jira motoci su wuce.