Dokar da Guguwa Ta Kafa

Guguwa ake ce mata, kuma ba a banza ba. A ƙungiyar masu kula da tsofaffi a gidajensu, ita ce ke zaga gida bakwai kafin rana ta yi sanyi. Amma gudun da ta hau matakalar ofis da shi ranar taro na daban ne, bibbiyu take tsallakewa, takalmi ɗaya a hannu. Yau za ta ƙure Magatakarda a gaban kowa.

Magatakarda ba mutum ba ne, manhaja ce mai basira da ke raba musu gidaje kowace safiya. Tasu ce, su arba'in da biyu, kowa da ƙuri'a ɗaya. Su suke kafa mata doka, kuma duk wanda ya tambaye ta dalili, dole ta faɗa a bainar jama'a. To wannan abar ce ta cire Guguwa daga gidan tsohon malamin lissafi, mutumin da ba ya haɗiyar magani sai an zauna an saurari labarin ɗalibansa. Sati uku ke nan ana tura masa sababbin fuskoki. Jiya 'yarsa ta kira tana kuka, wai Baba ya daina taɓa abinci, ko shayi sai ya huce a kofi.

Ɗakin taron yana saman shagon faci, fanka ɗaya, kujerun roba. Shugaba ba ta gama buɗe taro ba Guguwa ta miƙe. Ta zazzage cikinta tas, ta ce na'ura ba ta da imani, ba ta san kan tsoho ba, a tambaye ta yanzun nan. Mata suka ɗau tafi, har da masu buga kujera.

Shugaba ta juya kwamfutar, ta yi tambayar. Magatakarda ta amsa cikin muryarta mai sanyi cewa Guguwa tana wuce minti arba'in a gidan malamin, alhali doka ta shida ta ce a ba da gida ga wanda ya fi saurin gamawa. Ta ƙara da cewa tun wata biyu ta rubuta a rahoto cewa dokar tana iya cutar da masu buƙatar hira, ba a buɗe rahoton ba.

“Wane marar tausayi ne ya kawo wannan doka?” in ji Guguwa.

“Ke ce, bara,” in ji Magatakarda. “Mutum talatin suka mara miki baya.”

Wayyo! Dariya ta ɓarke har mai faci ya leƙo. Ƙawarta mai tabarau ta riƙe ciki tana cewa ai ta tuna, har da buga tebur aka yi ranar. Kunya ta kama Guguwa, ta ji kamar ta shige ƙarƙashin kujera. Amma ta tuna kofin shayin nan, sai ta ƙi zama.

“Na ji, ni ce. Lokacin ban san Baba ba. Mu muka koya mata gaggawa, mu za mu gyara.”

Nan fa ɗaki ya rikice da shawarwari, kowa na son a ji tasa. Dogo, namiji ɗaya tilo a layin gaba, ya ce in an soke dokar kowa zai maƙale wa tsohon da ya fi so, a bar masu faɗa ba mai zuwa. Gaskiya ya faɗa, ko da yake Guguwa ta harare shi. Aka ja, aka sassauta, aka sake ja. Daga ƙarshe Guguwa ce ta kawo shawarar da ta raba gardama: Magatakarda ta ci gaba da rabo, amma mutum uku su riƙa duba rabon da rahotonta duk sati, kuma ɗaya daga cikin ukun ya zama tsoho cikin waɗanda ake kula da su, tunda a jikinsu dokar ke sauka.

Hannu talatin da takwas suka tashi. Na Dogo ya tashi a ƙarshe, yana ƙunƙuni.

Ko sallama Guguwa ba ta tsaya yi ba, sai gidan Baba. Ta iske malamin a kujerarsa, ya juya wa ƙofa baya, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta durƙusa ta ba shi labari tiryan-tiryan, ba ta ɓoye nata laifin ba. Da ta gama, ya tambaye ta wa aka ba kujerar tsofaffin. Ta ce ba a zaɓa ba tukuna.

“'Yata, miƙo min burodin nan,” ya ce. “Ki kuma duba ƙarƙashin gado, takalmana na fita suna can. Sai an goge su.”