Akwatin da Compadre Ya Mayar

Herminia Olvera ta sunkuya a kan teburin wani dillali ɗan Monterrey, kofi a hannun hagu, madubin duba tsabar kuɗi a hannun dama. Ba a buɗe wa jama'a ƙofar zauren ba tukuna. Wannan lokacin na dillalai ne, kowa na zagaya teburin ɗan'uwansa, yana yabon kaya da baki yana kushe su a zuci. Shekara da shekaru tana rufe shagonta na Guanajuato ta zo birnin Meziko wannan babban taro na masu tara tsofaffin kuɗi, kuma ita ba mai wuce tire ba ta leƙa ba ce.

"Miƙo min wancan ƙaramin zinaren," in ji ta.

Ya miƙo shi a cikin robarsa mai tauri. Ta kara madubi a ido, ta juya shi. A bakinsa, dab da inda aka buga shekara, akwai ɗan lotsawa da ƙarzo siriri. Ta san wannan tabon kamar yadda ta san tafin hannunta. Ranar aurenta, lokacin da Leandro zai zuba mata zinare goma sha uku a hannu a gaban Fada, limamin coci, kamar yadda kowane ango ke yi a ƙasarsu, hannunsa ya yi ta rawa har ɗaya ya faɗi, ya gangara, goggonsa ta taka shi da tsinin takalmi. Mata suka yi ta raɗa cewa auren ba zai yi ƙarko ba. Mutuwar Leandro ce kaɗai ta raba su.

"Daga ina ka samo wannan?"

"Haba Doña, ke ma kin san ba a tambaya." Ya kira ta da lakabin girmamawa, ya yi murmushin 'yan kasuwa. "Daga garinku dai ya fito. Uku na saya bara. Biyu sun tafi Texas, wannan ma mun sha hannu a kansa da wani tun jiya."

Ta mayar masa, ta gode. Ta tafi ta bar kofinta a teburinsa ba ta sani ba.

Abin da ya ɗaure mata kai shi ne, zinaren aurenta suna cikin jakarta a wannan lokacin. Ɗanta Baltasar zai yi aure ranar Asabar, kuma da tsakar rana zai zo nan zauren ya karɓi akwatin. Ita ta ɗauko shi da hannunta daga ƙasan kayanta, ɗaure da farin zare kamar yadda aka kawo mata shi.

Wanda ya kawo shi kuwa Fulgencio ne, aminin Leandro, wanda ya riƙe Baltasar ranar baftisma, shi ya sa take kiransa compadre, shi yana kiranta comadre, yaron kuma yana kiransa padrino. Tebur ɗaya suke kamawa a wannan taro tun mijinta na raye, shi dama ita hagu. Shekara biyu da suka wuce ya ara zinaren don auren 'yarsa. Bayan biki ya zo har gida da akwatin da kwalbar giya, ya yi godiya har da ƙwalla. Herminia, wadda ko tsohon kwabo aka kawo mata sai ta auna ta ƙwanƙwasa ta duba shi a madubi, ta karɓa ta adana. Ba a kwance ɗaurin compadre a duba. Cin fuska ne, ko a bayan idonsa.

Ta iske teburinsu babu kowa, ya fita sayen abin karin kumallo. Ta zauna, ta kwance zaren.

Ba ta nemi madubi ba. Tun a tafin hannu ta ji babu nauyi. Tagulla ce aka yi wa ruwan zinare, irin waɗanda ake sayarwa a ƙofar coci tare da kyandir. Suna ta walƙiya abinsu, babu kunya.

Fulgencio ya dawo da ƙunshi biyu yana tafe yana gaisawa da mutane, tumbinsa na gaba. "Comadre, ga naki mai barkono, ko da yake bakinki ba ya buƙatar ƙarin yaji." Sai ya ga akwatin a buɗe. Ya ajiye ƙunshin a hankali a kan gilashin kaya, abin da ya sha yi wa wasu faɗa a kai.

"Zauna," in ji ta.

Ya zauna.

"Na ga wanda Goggo Casilda ta taka. Yana teburin ɗan Monterrey."

"Comadre, ki bari mu koma gida mu yi magana."

"A nan ka sayar, a nan za mu yi ta. Sauran fa?"

Ya share wuya da hankici. "Sun watse. Wasu Texas, wasu ban ma san inda suka ƙare ba. Shagona ne ya so ya rufe, kin san yadda waccan shekarar ta kasance. Niyyata in sayo irinsu in mayar kafin Balta ya tashi aure. Wa ya san yaron zai yi sauri haka?"

"Irinsu," ta maimaita.

"Zinare zinare ne."

"Kai ne mai faɗin haka? Kai?"

A daidai nan aka buɗe ƙofa, jama'a suka kwararo. Wani dattijo mai sanda ya tsaya a gabansu yana son ganin wata azurfa, Herminia ta fito masa da ita, ta yi masa bayanin inda aka buga ta, har da murmushi. Ya juya ta sama da ƙasa, ya ce zai zagayo. Irinsu ba sa zagayowa. Duk tsawon lokacin Fulgencio yana zaune yana gyara kayan da babu abin da ya same su.

Da dattijon ya wuce ta ce, ƙasa-ƙasa, "Da ka zo ka ce min shago zai rufe, da na ba ka. Ba waɗannan ba, amma da na ba ka wani abu. Ka sani."

"Kunya ce ta hana ni."

"Amma ba ta hana ka ɗaure zare ba. Har da ƙulli mai kyau." Ta juyo ta dube shi. "Abu ɗaya nake so ka faɗa min. Ka san ba zan buɗe ba?"

Ya dubi gilashin. "Na sani."

Wannan ya fi zinaren yi mata ciwo. Ba wayo ya yi mata ba, don babu dillalin da zai ruɗu da wannan tarkacen. Mutuncin da take ba shi ya auna, ya ga zai ɗauki nauyin sata, ya ɗora. Ta tuna yadda ya ɗauki akwatin gawar Leandro a kafaɗa, da yadda ya riƙa kai Baltasar kallon ƙwallo don kada yaron ya ji maraici. Duk wannan gaskiya ne, kuma bai rage komai ba.

"Fada zai sa musu albarka ko na mene ne," in ji shi a hankali. "Yaron bai san bambanci ba. Malamin makaranta ne."

"Rufe min baki, Fulgencio."

Tun da ya riƙe ɗanta a coci ba ta sake kiran sunansa tsirara ba. Ya ji, ya sunkuyar da kai.

Haka suka zauna har rana ta take. Ta yi ciniki, ya yi ciniki, abincin ya huce a ƙunshinsa. Ta tsara maganar da za ta gaya wa ɗanta, ta rushe, ta sake tsarawa. Za ta faɗa masa a gaban mutumin, ya ji da kunnensa.

Baltasar ya iso da gumi, kwat ɗin aure a rataye a leda a kafaɗarsa. Ya sumbaci goshin uwarsa, ya rungumi Fulgencio yana dukan bayansa. "Padrino, wannan tumbin zai shiga kwat kuwa ranar Asabar?"

Fulgencio ya yi wata irin dariya da ba ta fita ba.

"Mama, kin kawo?"

Akwatin na nan kusa da hannunta. Kafin ta buɗe baki ya riga ya ɗauka, ya juye su a tafinsa. Sai wasan ya bar fuskarsa. Yana ɗan shekara tara ubansa ya rasu, kuma abin da ya rage masa na uban bai taka kara ya karya ba: agogo da ya daina aiki, da hoto biyu. Ya taɓa su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa, idonsa ya cika.

"Na faɗa wa Ximena tun da na fara nemanta," in ji shi. "Na ce mata ba ni da gida ba ni da mota, amma zan zuba mata abin da babana ya zuba wa mamata." Ya ɗago. "Su ne waɗannan, ko? Waɗanda ya riƙe da hannunsa?"

Herminia ta dube shi, ta dubi Fulgencio. Maganar da ta tsara tana nan a bakinta, a shirye, kuma ta san in ta fita, yaron zai shiga coci ranar Asabar babu zinaren uba, babu kuma mutumin da ya tsaya masa a madadin uba.

"Su ne," in ji ta.

Baltasar ya mayar da su, ya ɗaure zaren yadda ya iya, ya miƙa wa Fulgencio da hannu biyu. "Kai za ka riƙe har coci, padrino. Aikinka ne."

Fulgencio ya karɓa.

Wata mata ta tsaya tana nuna wani abu a cikin gilashi, Herminia ta juya gare ta tana laluben makulli. Tun da ta shiga wannan sana'a ba ta taɓa miƙa wa mutum jabu ta ce na gaske ne ba. Yau ta fara, kuma da ɗanta ta fara.