Kalmar da Jarida Ta Sa wa Gershon

…ai ba ta mutane ba ce. Roseline ta san kalmar. Burrow, da Turanci. Ita da hannunta ta rubuta ta a allo, aji huɗu, zangon da ya wuce — ramin da dabba ke haƙawa ta shige ƙarƙashin ƙasa. Gafiya. Zomo. Yara na dariya, tana zana kunnuwan zomo, alli ya karye…

To me ya kawo ta cikin jarida, kusa da sunan mijinta?

Yau kwana uku. Ramin kuza a bayan dutse, can gaba da Manchok, ya rufta da mutum biyar. Gershon na ciki. Gershon da ke karanta Zabura a coci, mai goge takalmi tun Asabar… Sai da citta ta ruɓe a gona bara ya fara zuwa. "Wata biyu kawai, Rosi." Wata biyu. Jar ƙasa a farcensa, sabulu ya kasa ta…

Matan zumunta na coci suna waƙa a tsakar gida, ƙasa-ƙasa. An ɗora babbar tukunya. Ta mece ce? Ba a ce ya mutu ba. An ce ana tono.

Ko ana faɗin kalmar ga mutum? Ƙamus ya ce wani lokaci — a cusa kai cikin bargo, a kutsa cikin tarin takardu. To ba zagi ba ne. Ko zagi ne? Wanda ya rubuta yana zaune a Kaduna, bai taɓa ganin…

"Ke kin yi makaranta," in ji Mama Yemima, uwar Gershon, tana taɓa jaridar da yatsa. "Mene sun rubuta a kan yarona?"

Me za ta ce? Mama, sun mai da ɗanki gafiya? A'a. Dabbar da ta yi rami ai gida ta yi, tana numfashi a ciki, tana da ƙofa ta biyu, kullum da ta biyu… Su fa?

Ta sake duba layin. Burrowing. Da wutsiyar nan ta -ing a ƙarshe. Aikin da ake cikin yi, bai ƙare ba — haka take koya wa yara. Ba a ce ya haƙa ba. Yana haƙawa. Ko mai rubutun ne bai kula ba?

"Roseline, ina jin ki."

Ta sa yatsa a kan kalmar. Har yanzu yana haƙawa? Ta wane gefe…